Ragowar Ruwan Moɗa

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau. Ina gaishe ku duka, har da ke baiwar Allah da kika rubuto mini cewa girman kai ne ya hana ni shiga gidan siminti. Na gani, kuma ban ji haushi ba. Gyara zama ki ji yadda aka yi, in na gama kya yanke mini hukunci.

Wanda yau ya fara biyo mu, sunana Barira, 'yar Gaffati ce ni, nan kusa da Damagaram. Abin da nake ba ku labari ya faru ne a bazarar dubu biyu da goma, bayan daminar nan da ta ɗauke mana ruwa hatsi yana tsakiyar fidda kai. Abin da muka girba ko Sallar Layya bai kai mu ba. Babana ya daɗe da rasuwa, ƙanensa Baffa Suma'ila ne ke riƙe da mu, baki goma sha huɗu a gida ɗaya, rumbu kuwa kaji ne ke ƙwai a ciki. Tuwo sau ɗaya a yini, wata rana ma sai dai kwaɗon tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli a sha ruwa a kwanta.

Cikin wannan hali takardata ta fito. An ɗauke ni malamar lakwal, wato makarantar boko, ta kwantiragi, an turo ni cikin garin Damagaram, in kama aiki ranar Litinin, in ban je ba a ba wata. Innata ta yi guɗa can ƙasa-ƙasa, don kada maƙwabta su ce muna murna ana yunwa.

Baffa ya sa aka karanta masa takardar sau biyu, ya naɗe ta, ya ɗora a kan gwiwa.

"Budurwa ita kaɗai a birni? A gidan wa?" in ji shi. "Ga Alkasum nan, shekara biyu yana zuwa zance, tayar babur ɗinsa ta ƙare a hanyar Gaffati. A ɗaura kawai. Ki shiga Damagaram da aurenki, sadakin ya kai ƙannenki damina. Aikin kuma, in mijinki ya yarda kya yi."

In mijinki ya yarda. Wannan kalma ita ta fi ƙona mini rai.

Kada wani ya fassara ni ba daidai ba, ina son Alkasum. So na gaske, irin wanda in wayata ta yi ƙara nake ƙona miya. Shagon yadi gare shi a unguwar Zango cikin Damagaram, yana da fara'a, yana da kyauta, ga son tsokana. Amma wallahi ba na so in shiga gidansu a shekarar da kowa ya san rumbunmu wayam yake. Duk ranar da muka saɓa, ko bai faɗa ba, zan gani a idon danginsa cewa da buhun hatsi aka kawo ni. Shekara guda tak nake so, in ci gumina, in aika wa Inna hatsi da kuɗin allina, sannan in shiga ɗakinsa kaina a ɗage.

Ban iya faɗa wa Baffa haka ba, kuka kawai na sa. Kakata Iya, mahaifiyar su Baffa, tana gefe tana kaɗi kamar ba ta ji. Sai da ta gama zaren da ke hannunta ta ce, "Suma'ila, ba na karya maganar mai gida a gaban 'ya'yansa. Amma ka ba ni yarinyar nan yini guda. Ranar Alhamis akwai motar kasuwa, zan raka ta mu nemi ɗaki."

Baffa ya sake duban takardar. Can ya ce, "To, Iya. Gida mai dattijuwa a ciki, kuma hayar da ba za ta cinye albashin ba. In motar la'asar ta dawo da ku babu ɗaki, magana ta ƙare, sai a sa rana."

Ranar Laraba da yamma saƙon Alkasum ya shigo. Har yau yana cikin tsohuwar wayata, ban goge ba:

"Madam Barira, an gaishe da manya. Na samo miki gida. Siminti, rufin tol, famfo a tsakar gida, wuta har banɗaki. Kada ki tambayi kuɗi, wannan nawa ne."

Na karanta sau biyar, na yi murmushi sau huɗu. A na biyar na tuna karin maganar nan ta ladan kuturu da aski. Allah ya ba Alkasum haƙuri, ba kuturu nake kiransa ba, amma kun gane.

Ranar Alhamis tun da sassafe na yi wanka, na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, wadda na yi Sallar bara da ita, na goge ta da dutsen gawayi har tana sheƙi. Na yi ɗaurin ɗankwali irin na madam-madam ɗin gari, na zizara kwalli, na yafa farin mayafi. Takalmin kuwa na Balki 'yar Baffa ne na ara, mai ɗan tudu, ya matse ni amma na ce sai na shiga birni da shi. Iya ko a jikinta. Zanenta baƙi na saƙi, carbi a wuya, kwando a ka. Na leƙa kwandon, sai na ga bido, wato jarka, ɗan lita biyar cike da ruwan rijiyarmu, an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu.

"Iya, birni fa za mu, ba daji ba."

"Shi ya sa," in ji ta.

A nan sai na tsaya in gaya muku wani abu, don shi ne gindin labarin. Mu a Gaffati hatsi muka rasa, amma rijiyar unguwarmu ba ta taɓa ƙafewa ba. Mu sha, mu yi wanka, mu ba jaki, mu watsar da ragowa. Su kuwa mutanen Damagaram hatsi yana kasuwa ga mai kuɗi, ruwa ne babu. Ina jin labarin tun ina yarinya, amma ji daban, gani daban.

A tasha muka tarar da Alkasum, ya ci farar shadda an ɗora mata sitati tana ƙara, hula a karkace, turare kamar ya yi ɓarin kwalba. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Iya.

"Angona, ka sha kyau," in ji Iya. "Don ni aka yi wannan ko don waccan mai ɗingishin?"

"Don ke mana, Iya. Waccan ai rakiya ta yi miki."

Ya ɗauki Iya a bayan babur ɗinsa, ni ya tsayar mini da kabu-kabu, don ba a ɗaura ba, ba zan hau bayansa a tsakiyar gari ba. Muka yi ta tafiya har gidaje suka fara sirancewa, muka hau wani tudu a sabuwar unguwa can bayan gari.

Jama'a, gidan nan ya yi kyau. Ba zan yi ƙarya don in kare kaina ba. Ƙofar ƙarfe koriya, rufin kwanon nan da muke ce wa tol, ɗaki ciki da falo, daɓen siminti sumul, taga har biyu. Ni da na tashi a ɗakin da muke kwana mu biyar, na tsaya a tsakiyar falon nan ina lissafin inda zan sa katifa da inda zan jera littattafai. Zuciyata ta riga ta tare.

Iya ba ta ko shiga ɗakin ba. Ta zauna a dakalin tsakar gida, ta dubi matar da ke haya a ɗaya sashen, wadda ta fito ganin baƙi da goyo a baya.

"'Yata, a taimaka wa tsohuwa da ruwan sha."

Kunya ta kama ni. Ga bido a kwandonta fa, kowa yana ganin wuyansa. Matar ta ɗan tsaya, ta shiga ciki, ta daɗe, sannan ta fito da ɗan kofin shayi, shi ma rabi. Ta tsaya a kan Iya har ta kurɓa, ta karɓi sauran ta koma da shi ciki tana tare shi da tafin hannu.

"Allah ya yi albarka," in ji Iya. "Nawa kuke sayen bido a nan?"

"Dala sittin, in an samu. 'Yan garuwa ba sa son hawo tudun nan."

Alkasum ya yi dariya. "Iya, ga famfo a gabanki." Ya je ya murɗa shi da ƙarfinsa. Famfon ya yi wani huci, ya yi tari, ya yi shiru.

"Yana zuwa," in ji Alkasum.

"Yaushe ya zo na ƙarshe?" Iya ta tambayi matar.

"Tun kafin Mauludi."

Iya ta ɗauki kwandonta ta ɗora a ka. "Angona, mu ga na gaba."

Na gaba a Zango yake, bayan layin teloli, ba nisa da shagonsa. Ɗaki guda, jika goma, wato sefa dubu goma, a wata, hayaniyar kekunan ɗinki da ƙarar babura har cikin kunne. Tsakar gidan ɗan ƙarami, ɗakuna shida, kowace ƙofa da ganga a gabanta, kowace ganga da kwaɗo a murfinta. Ban taɓa ganin an kulle ruwa ba sai ranar. Iya ta sake roƙon ruwan sha. Mai gidan, wani mai ƙaton tumbi da makullai a ɗamara, ya nuna mata ƙofa da haɓa ya ce akwai mai ruwan leda a bakin titi. Alkasum ya fita da sauri ya sayo guda uku masu sanyi. Iya ta karɓa ta yi godiya, ta jefa nata a kwando ba ta ko huda ba.

Muna fitowa haƙurinsa ya ƙare. Da ladabi ya yi maganar, amma jijiyar wuyansa ta tashi.

"Iya, neman gida muka fito ko yawon shan ruwa? Ga bido a kwandonki tun safe."

"Ba ƙishirwa nake ji ba," in ji Iya. "Kai bango kake dubawa, ni mutane nake dubawa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da yarinyar nan, bango ne zai miƙo mata moɗa?"

Alkasum ya juya. Ya koma gefe ya jingina da babur, ya ciro waya. Tsakaninmu bai fi taku huɗu ba, amma sai na ji tawa ta yi ƙara a cikin jaka. Ai ba a faɗa a gaban kaka.

"Gaya mini gaskiya. Gidan ne ba kya so ko ni?"

Na rubuta masa: "Kai nake so. Shekara guda nake roƙo, in tsaya da ƙafata."

Na gan shi ya karanta. Ya daɗe yana kallon wayar, ya mayar aljihu, ya ce wa Iya yana da baƙi a shago, ta yi masa afuwa. Ya buga babur ya tafi, ko waiwaye babu.

An riga an yi azahar. Rana ta take, takalmin Balki ya ɗaye mini dunduniya, kwallina ya narke. Na zauna a gindin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro, na ce, "Iya, kin gani ko? Ba ɗaki, ba Alkasum. Na yi biyu babu."

"Rufe mini baki, rana ba ta faɗi ba."

A inuwar akwai wani dattijo ɗan garuwa, ya jingine amalankensa da bidoji goma duk wayam, yana fifita da hula. Daga jin gaisuwarsa ka san mutumin ƙauye ne irinmu, fari ya koro shi gari. Iya ta ciro ruwan ledar nan ta miƙa masa. Suka taɓa zancen damina, suka yi wa juna jaje. Sannan ta ce, "Malam, kai da kake shiga kowane gida, in rana ta dake ka, a wane gida kake hutawa?"

Ko tunani bai yi ba. "Gidan Ya Bintu a Birni. Wata Babarbariya ce, dattijuwa. Ni mai sayar da ruwa ne, amma in na shiga gidanta ita ke ba ni na sha." Ya dube ni, ya dubi jakata. "In ɗaki kuke nema, autarta ta yi aure watan jiya."

Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ba a shigarsa da gaggawa. Lunguna ne sirara, yashi har idon sawu, katangun ƙasa masu zane, ga manyan duwatsun nan a tsakanin gidaje kamar wani ya ajiye su ya manta. Na tuɓe takalmin Balki na riƙe a hannu, madam ɗin lakwal guda tana tafe ba takalmi. Duk wanda muka tambaya gidan Ya Bintu sai ya nuna da hannu, ba ya ko tambayar wace ce.

Tun daga zaure ƙamshin turaren wuta ya tare mu. Tsakar gida a share tas, bishiyar lalle guda a tsakiya, koriya shar a shekarar da ko ƙaya ta bushe. Ƙarƙashin rumfa ga wata babbar randa an binne gindinta a yashi, da faifai a bakinta. Wata mata, wadda daga baya na san sunanta Zara, tana tsintar shinkafa a ƙofar ɗakinta. Ya Bintu ta fito, doguwa, baƙa, da tsagen Barebari a kumatu, ta naɗe jiki da lafaya ruwan goro.

"Wushe, wushe, lale da baƙi," in ji ta. Ta shimfiɗa tabarma da kanta. Ba ta tambayi daga ina ba, ba ta tambayi me ya kawo mu ba. Kafin Iya ta buɗe baki ta nufi randar. Na ga ta zura hannu har kafaɗa, na ji moɗa tana karzar gindin randa, ƙar, ƙar, ta karkata ta sake zurawa. Na ji da kunnena fa, amma ban gane ba. Ta kawo moɗar nan cike fal.

Iya ta yi bismillah ta sha, ta lumshe ido, ta miƙo mini. Ruwa mai sanyi, da ƙamshin kajiji, don turara randar suke yi. Ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba. Na sha, na sha, na ƙoshi, saura kamar kashi ɗaya cikin uku.

Sai hannuna ya yi abin da ya saba yi tun ina 'yar shekara uku. Na ɗan juya moɗar, na watsar da ragowar a ƙasa.

Yashi ya shanye nan take, sai ɗan baƙin tabo. Zara ta daina tsintar shinkafa, ta ce a hankali, kamar da kanta take, "Ƙarshen randa ke nan. Yau kwana shida famfo bai zo ba."

"Zara," in ji Ya Bintu, "ba a yi wa baƙo lissafi."

Wayyo ni Barira. Da ƙasar nan za ta tsage, da na bi ruwan na shige. Sai a lokacin ƙarar moɗar ta dawo mini, ƙar, ƙar. Na dubi butar Ya Bintu a gefen tabarmar sallarta, a kife take. La'asar ta kusa, matar nan ruwan alwalarta ta ba mu, ni kuma na zuba wa yashi. Na dubi Iya ko za ta cece ni da wata magana. Iya ta kafa wa katanga ido tana jan carbi, ta bar ni da abina.

Na ce a raina shi ke nan, ɗaki ya tafi, aiki ya tafi. Wa zai ba wadda ba ta san darajar ruwa ba ɗaki a Damagaram? Amma wallahi a wannan lokacin ba ɗakin ne ya fi ci mini rai ba, butar nan ce a kife.

Ban nemi izinin kowa ba. Na ja kwandon Iya, na ciro bidon, na warware buhun. Na je gaban randar na durƙusa a kan gwiwoyina, atamfar Sallah a cikin yashi, na ɗaga faifan na juye shi duka, har na girgiza ɗigon ƙarshe. Hawaye na zuba, ina kauda fuska don kada ya faɗa ciki.

"Ya Bintu, ki yafe mini. A garinmu ruwa ne kawai ya rage mana, shi ya sa ban san tsadarsa ba."

Ta zo ta tsaya a kaina. Ta ɗebi kaɗan a moɗa ta kurɓa, ta juya shi a baki.

"Ruwan rijiya," in ji ta. "Na ina?"

"Gaffati."

"Rabona da shi tun ina amarya." Ta dafa kaina. "Tashi, 'yata. Mai zubarwa da yawa na gani. Mai mayarwa ce ban cika gani ba. Me ya kawo ku?"

Sai a nan Iya ta buɗe baki ta zayyana mata komai, tun daga rumbu har takarda, har sharaɗin Baffa. Maganar Alkasum ma ba ta rage ba, ina ta sunkuyar da kai.

Ɗakin na ƙasa ne, rufin azara, taga guda 'yar ƙarama, ƙusoshin da autarta take rataye kaya suna nan a bango. Ba siminti, ba falo, ƙwan wuta ɗaya. Amma da na shiga sai na ji sanyi kamar cikin tulu.

"Jika huɗu a wata," in ji Ya Bintu. "In albashi ya makara, na san halin kwantiragi, ba na buga ƙofa. Sai dai ki ji dokar gidan. Randa ɗaya ce. Mai bido biyu ya zuba biyu, mai ɗaya ya zuba ɗaya, wanda ba shi da shi ranar nan ya sha, ba a tambaya. In famfon unguwa ya zo, duk wadda ta fara ji ta tashi kowa. Ragowar sha da ruwan alwala na lallen can ne. Kin ga ai bai mutu ba."

"In na je gida duk ƙarshen mako zan riƙa zuwa da bido," na ce.

"Ban sa ki ba. In kin kawo, na sha."

Iya ta matso kusa da kunnena. "Kin gani? Arahar gida ba a bakin mai gida ake jin ta ba, a bakin randa ake ji. Can kan tudu ko kyauta aka ba ki, ruwa kaɗai zai cinye albashin, ga shi ba mai ba ki ko kurɓi."

Na kira Baffa. Iya ta karɓi wayar ta riƙe ta nesa da kunne tana magana da ƙarfi kamar Gaffati za ta jiyo ta kai tsaye. Ta gama ta miƙo mini. Na gaida Baffa. Can ya ce, "Iya ta sha ruwan gidan?"

"Ta sha, Baffa."

"Ta lumshe ido?"

"Ta lumshe."

"To, shi ke nan. Allah ya sa albarka a aikin." Har zan kashe ya ce, "Barira. Maganar rannan, yunwa ce ta yi ta, ba ni ba. Ki yi haƙuri da Baffanki."

Nan na sake wani kukan. Mutumin nan shekara goma sha ɗaya yana ciyar da 'ya'yan ɗan'uwansa bai taɓa gori ba, shi ne yau yake ba ni haƙuri. Allah ya saka wa Baffa Suma'ila da Aljanna, ku taya ni cewa amin.

Saura mutum guda. Na rubuta masa: "Na samu ɗaki a Birni, gidan Ya Bintu. Na zubar da ruwan mutane, na sha kunya. Motar la'asar za mu bi." Saƙon ya tafi. Na duba, shiru. Muka yi alwala da ɗan ruwan Gaffati a gindin lalle, muka yi la'asar, na sake dubawa, shiru. Zara ta kawo mana ɗan wake, na kasa ci. Na samu abin da na fito nema, amma ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa. Na ce wa kaina, Barira, in ya tafi ya tafi, ke kika zaɓa. Zuciyar ta ce ƙarya kike.

Iya ta ɗora kwando a ka, muna sallama, sai muka ji wata sallamar daga zaure, ta namiji, yana haki.

Ya Bintu ta ce a shigo. Alkasum ne. Turo babur ɗin yake yi, don yashin Birni ya ƙi tayar. Manyan bidoji biyu a ɗaure a baya da igiyar roba. Farar shaddar nan ta safe ta jiƙe sharkaf daga kafaɗa zuwa gwiwa, ƙura ta manne mata ta koma ja, sitati ya mutu, hula tana aljihu. Daga baya na ji har bayan gari ya je, ya bi layi kamar kowa.

Ya durƙusa ya gaida Ya Bintu. "An ce wata 'yar ƙauye ta yi ɓarna a gidan nan. Na zo biyan tara."

"Ta riga ta biya," in ji Ya Bintu. "Amma randa ba ta ƙin ƙari."

Ya kinkimi bidojin ɗaya bayan ɗaya ya juye, randa ta yi ta amsawa har muryarta ta sauya. Iya ta sauke kwando ta zauna, ta ce mota ta jira, ita ba ta barin angonta a jiƙe.

Ya Bintu ta cika moɗa ta ba shi. Ya tsuguna, ya yi bismillah, ya sha rabi. Bai kalli lallen ba. Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun Zango, idonsa ja da rana.

"Shekara guda kika ce, Madam?"

Na gyaɗa kai.

"To. Ni ɗan Damagaram ne, mun saba jiran famfo."

Ya miƙo mini moɗar da ragowar a ciki, a gaban kakata, a gaban uwar ɗakina, a gaban Zara da ta rufe baki da gefen zane. Kun san abin da shan ragowar saurayi yake nufi, alkawari ne aka ƙulla, ba sai na faɗa ba. Iya ta sake kafa wa katanga ido, amma ina ganin kumatunta suna motsi.

Na sa hannu biyu na karɓa. Wannan karon ko ɗigo ban bari ya taɓa ƙasa ba.